Ranar da Sarkin Ruwan Bronx Ya Yi wa Majalisa Jawabi

Duk wanda ya ce babu manyan mutane a Bronx, to bai taɓa tsayawa a Fordham Road da hantsi ya ga Alhaji Sadick Ɗantani yana tsallaka titi ba. Motoci ne ke jiransa, shi ba ya jiran mota. In direba ya gaji ya danna hon, Alhaji yakan ɗaga masa hannu a hankali, domin a wurinsa gaisuwa ce, kuma bai kamata babba ya ƙi amsa gaisuwar talaka ba.

Cikakken sunansa, kamar yadda yake a katin da yake rabawa a wurin suna da ɗaurin aure, har da zaman makoki, shi ne Mai Girma Alhaji Cif Sadick Ɗantani, Sarkin Ruwan New York da Kewaye, Uban Masunta Mazauna Ƙetare. Mu a bayan idonsa Kaftin muke ce masa. Matan da ke sayar da waakye, shinkafa da wake irin na Gana, a Tremont kuwa, waɗanda ba sa shakkar kowa, Babban Kifi suke kiransa.

A Zangon Kumasi, unguwar Hausawa a can Gana, aka haife shi, inda ruwa mafi girma da ya sani yana yaro shi ne kwatar bayan gidansu idan an tafka ruwan sama. 'Yan hassada na yawan kawo wannan magana. Sun manta cewa Alhaji yana da tebur guda a can ƙuryar shagon wayoyi na Issoufou, wani mutumin Nijar mai haƙurin tsiya, kuma a kan wannan tebur ne yake karɓar durom-durom ɗin da jama'a ke cikawa da shinkafa da man girki da takalma don a kai wa dangi a gida. Mota takan zo ta kwashe su zuwa tashar jiragen ruwa a New Jersey. Alhaji bai taɓa bin motar ba, amma duk jirgin da durom ɗinsa ya hau, “jirgina” yake kiransa.

Sannan ai ya taɓa shiga teku da kansa. Wata rana ya hau jirgin fiton nan na Staten Island, wanda ake hawa kyauta. Waɗanda suka raka shi sun ce tun kafin a saki igiya ya rungume wani ƙarfe ya rufe ido yana ta salati, kuma da aka isa can ya ƙi dawowa ta ruwa, sai da aka nemo masa bas mai bi ta gada. Shi dai in yana ba da labari yakan fara da, “Lokacin da nake kan teku.”

Saboda haka da aka yi bikin naɗinsa a wani zauren haya a Highbridge, ba wanda ya yi mamaki. Shi ya sayi rawanin, shi ya kama zauren, shi ya zaɓi wanda zai naɗa masa. Mu muka ci shinkafa muka yi tafi, Allah ya gani ba mu yi ƙyashi ba.

Tun daga ranar Alhaji ya daina magana da mutane kai tsaye. Ya ce a al'adar gida sarki ba ya ɗaga murya, kuma ba a jefa masa magana kamar ana jefa wa kaza tsaba. Sarki yakan yi raɗa, sanƙira ya ɗauka ya faɗa wa jama'a, in kuma jama'a na da magana su ba sanƙira ya kai. Gaskiya ne haka ake yi a fadojin Gana, kuma abin da kyau a inda aka san shi. Sanƙiran da Alhaji ya ɗauka shi ne Moro, direban tasi mai faffaɗan ƙirji da muryar da ke tsallaka layi biyu. Moro na son aikin nan fiye da tuƙi. Ba ya barin kalmar Sarki ta fita tsirara, sai ya yi mata riga da hula. In Alhaji ya raɗa masa cewa a ƙara yaji a waakye, sai mai abinci ta ji cewa Giwan Teku, Mai Jirage a Gabas da Yamma, ya dubi abincinta da idon rahama, yana kuma umartar a ƙara yaji.

Matsalar kawai ita ce ranakun da Moro ke kan aiki. An taɓa ganin Alhaji a cikin bas, direba ya manta bai buɗe ƙofar baya ba, kowa ya san ihu ɗaya ake yi a buɗe. Alhaji ya tsaya da rawaninsa, bakinsa gum, har bas ta kai shi ƙarshen layi. Ya dawo da ƙafa, mutuncinsa bai ko girgiza ba.

A 'yan watannin nan majalisar dokokin Gana a can Ankara ta shiga muhawara a kan tashoshin ruwa da kamun kifi da halin da ƙauyukan bakin teku ke ciki. Alhaji ya ɗauki abin nasa ne na gado. Kullum yana jingine da waya a jikin durom yana kallo, yana gyaɗa kai, yana tsaki, yana gyara wa 'yan majalisa kuskure. Da yake Issoufou ba shi da hanyar gudu daga shagonsa, shi ke shan karatun, ta bakin Moro in yana nan, ta fuskar bango in ba ya nan, don an yarda sarki ya yi magana da bango.

“Waɗannan yara ba su san ruwa ba,” in ji Alhaji. “Tashar ruwa ba wasa ba ce. Tashar ruwa tana buƙatar abu uku. Na farko, ruwa. Na biyu, tasha. Na uku, jagoranci. Biyun farko akwai su a Gana, na ukun yana nan zaune a Fordham Road ba wanda ya aiko a ɗauke shi.”

To, a nan ne Maame Abena ta shigo labarin. Mace ce mai kimanin shekarun Alhajin, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, tana zaune a Tremont. 'Yar wani ƙauyen masunta ce mai suna Bonsuano, amma a zango ta yi aure, a can ta musulunta, Hausa a bakinta kamar ruwa. Bakin tekun ƙauyensu duwatsu ne. In kwalekwale ya dawo daga kamun kifi sai ya bi ta wata 'yar kafa tsakanin duwatsun, in igiyar ruwa ta ɗaga shi ba daidai ba ta maka shi a kai. Haka aka yi da ƙaninta bara. An tsinci injin, an tsinci taru, shi sai bayan kwanaki teku ta mayar da shi. Yanzu ɗanta Kadri ne ke fita da kwalekwalen da ya rage, ta wannan kafa dai, safe da yamma.

Abin da mutanen Bonsuano ke roƙo ba wani babba ba ne, katangar duwatsu ce a cikin ruwa mai karya ƙarfin igiya, don masunta su samu inda za su shigo lafiya. Kwamitin majalisa kuwa zai zaɓi ƙauyukan da za a yi wa irin wannan aiki, kuma ya ce zai saurari 'yan ƙasa mazauna waje ta bidiyo kafin ya yanke. Ƙauyen da aka ambata a zaman za a aika masu awo su duba shi. Wanda ba a ambata ba sai ya jira wani zagayen, wanda ba mai sanin ranarsa. Abena ta yi ta buga waya a lokacin hutun aikinta, ta dami wani akawun kwamitin har ya gaji ya ba New York gurbi. Amma ya gindaya sharaɗi biyu. Sai shugaban wata ƙungiya mai rajista ne zai yi magana, kuma lokacin kaɗan ne, bai fi na shan kofin koko ba, in ya cika za a yanke.

Ƙungiyar masunta mai rajista a duk faɗin Bronx guda ɗaya ce, kuma mun san mai ita.

Ta same shi a shago, ta durƙusa ta gaishe shi. Tsakaninta da shi bai fi taku ɗaya ba, amma ya nuna mata Moro da haɓa. Ta gaya wa Moro labarin ƙaninta da na ɗanta, Moro ya juya ya gaya wa Alhaji, ya ɗan rage gawar ya ƙara kirarin. Ta roƙa a bar ta ta yi maganar da bakinta, Sarki ya zauna a gefe a matsayin uba. Amsa ta dawo cewa ba a taɓa jin inda majalisar ƙasa ta kira sarki, talaka ya amsa ba. Ta ce to ta yarda, amma don girman Allah a fara da sunan ƙauyen, in ya so duk abin da za a faɗa a faɗa daga baya.

Alhaji ya yi murmushin tausayi, ya yi raɗa mai tsawo. Moro ya ce, “Maame, Sarki ya ce ki kwantar da hankalinki. Maroƙi ne ke fara magana da buƙata. Babba da gaisuwa yake farawa. Ƙauyen nan naki ya riga ya samu tasha, saura kawai a kawo duwatsu.”

Ta fita tana share ido da bakin mayafi. Ni dai na ga tsoro a fuskarta, ba farin ciki ba.

Aka shiga shiri, kuma wallahi an yi shiri. An kai babbar riga wurin guga. An aro laima irin ta sarakunan Asante daga wajen wani mai ba da hayar kayan biki. An sayo filafilin tuƙa kwalekwale a shagon kayan wasanni, aka shafa masa fenti ruwan zinare ya zama sandar mulki. Alhaji ya ce dole a ga teku a bayansa, saboda haka Issoufou ya buga masa ƙaton ƙyalle mai hoton jirgin masu yawon shaƙatawa, benaye a kan benaye, har da wurin ninƙaya a sama. An yi gwaji sau da yawa a ɗakin taron da ke ƙarƙashin masallacinmu. An gwada shigowa, an gwada zama, an gwada yadda za a karkata laima don kada ta taɓa silin. Jawabin ne kawai ba a gwada ba, don Alhaji ya ce mai ilimin abu ba ya haddace shi.

Ranar ta zo. Da yake Ankara ta riga mu wayewar gari, zaman nasu na rana ya faɗo mana da safe. Abena ta nemi wata ta riƙe mata aiki, ta riga kowa zuwa, ta zauna a kujerar gaba da wayarta a hannu. Mutanen Bonsuano, in ji ta, sun taru a ƙarƙashin rumfar gyaran taru suna kallo ta wayar Kadri. Ranar ba wanda ya fita kamun kifi.

Muka zuba wa kwamfuta ido. Muhawara ta yi zafi. Wani ɗan majalisa ya ce manyan jiragen waje na kwashe kifi har da 'ya'yansa, wani ya ce man injin ba ya isa ƙauyuka, wani ya miƙe ya nemi a gina tasha a mazaɓarsa, aka tuna masa cewa mazaɓarsa ba ta da teku, ya ce shi ya sa aka daɗe ana danne ta. Daga nan shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau da ba ta da alamar wasa, ta ce yanzu za a ji daga New York. Wani ɗan agogo ya bayyana a kusurwar allo ya fara cin lokaci.

Abin da majalisar Gana ta fara gani daga New York shi ne kujera babu kowa, da jirgin shaƙatawa a bayanta. Sarki ba ya zama ya jira mutane, shi ake jira. Yana can saman matakala. Sai da aka aika aka sanar da shi cewa majalisa ta hallara, sannan ya fara saukowa, taku ɗaya, tsayawa ɗaya, Moro a gaba yana buɗe maƙogwaro. Laimar da aka gwada da silin ba a gwada ta da ƙofa ba. Ta maƙale. Aka rufe ta, aka shigo da ita, aka sake buɗewa, domin ba zai yiwu Sarki ya taka ɗaki kansa a fili ba.

Ya zauna. Aka gyara masa riga ta dama, aka gyara ta hagu. Ya kafa filafilin zinare a ƙasa. Abena ta matso bakin kujerarta har na ɗauka za ta faɗi.

Alhaji ya yi raɗa. Moro ya karɓa ya juya ga kwamfuta.

“Giwan Teku yana gaisuwa! Mai Jirage a Gabas da Yamma yana gaisuwa! Wanda ya hau ruwa ruwa ya kwanta, yana gaida shugabar wannan kwamiti mai albarka, da mataimakinta, da iyalansu, da waɗanda suka haife su!”

Sannan ya maimaita duka da Turanci, don 'yan majalisar ba duka ke jin Hausa ba. Alhaji fa yana jin Turanci sarai, da shi yake faɗa da masu motar durom. Amma wannan magana ce ta fada.

Aka gaida masu rinjaye. Aka gaida marasa rinjaye, aka yi musu fatan rinjaye. Aka gaida sarakunan bakin teku da na tudu. Shugabar ta matso da bakinta kusa da makirfo ta ce da Turanci, cikin ladabi, ana godiya, amma a shiga batun don lokaci na tafiya. Kowa a ɗakin ya ji, har da Alhaji. Sai dai jin da ya yi ba a lissafa shi, tunda ba ta hanyar da ta dace ya zo ba. Moro ya juya, ya rusuna, ya sanar da Sarki cewa shugaba ta yaba da gaisuwa, tana kuma ɗokin jin hikimarsa. Alhaji ya gyaɗa kai, ya umarci a gode mata bisa wannan ɗoki. Aka gode mata da Hausa, aka gode mata da Turanci.

“Sarki ya ce kafin a san tasha sai an san teku,” in ji Moro. “Kafin a san teku kuma sai an san wanda ya san teku. Saboda haka zai ɗan gutsura wa majalisa tarihinsa. Lokacin da yake kan teku...”

Agogon kusurwa ya koma ja. Abena ta miƙe. Matar nan da ban taɓa jin ta ɗaga wa ko yaro murya ba ta ture kujera ta nufi kwamfutar tana faɗin sunan ƙauyensu. Mai riƙe da laima ya tare ta da hannu, ba da mugunta ba, aikin da aka ba shi ke nan. Makirfon kuma yana manne a wuyan rigar Moro, muryar Moro kuwa ba ta barin wata ta wuce ta gefenta. Tana cikin faɗin sunan a karo na biyu hotonmu ya ɓace daga allon.

Wata mata ce ta bayyana daga Hamburg ta Jamus, da rigar aiki a jikinta, a cikin wani ɗan kicin. Ko sannu ba ta tsaya yi ba. Ta faɗi sunan nasu ƙauyen, ta ce kwalekwale na fashewa, mutane na mutuwa, a zo a duba. Shugabar ta sunkuya ta rubuta.

A ɗakinmu kuwa jawabi bai tsaya ba. Ba mai ikon gaya wa Sarki kai tsaye cewa an yanke shi, Moro kuma ya ba allon baya, ya yi nisa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Haka muka zauna muka sha tarihin tafiyar Staten Island, wadda a wannan karon aka yi hadari a cikinta, fasinjoji suka firgita, mutum ɗaya ne kawai ya tsaya da ƙafafunsa. Muka ji shawarar a gina tashar da ta fi ta Dubai, da otal a gefenta, a kuma sa mata sunan wani bawan Allah da kunya ta hana a ambata. Can a allo 'yan majalisa suka tattara takardunsu suka watse, wani ma'aikaci ya zo yana kashe fitilu. Sai da Alhaji ya ga dama ya rufe da addu'a. Muka shafa. Wasu har da tafi, don an riga an kawo jalof an ajiye a bayan ɗaki, ƙamshi na tashi.

Abena tana tsaye a jikin bango da waya a kunne. Na ji tana ce wa Kadri a'a, ba matsalar waya ba ce, ba a faɗa ba ne. Ta saurare shi. Sannan ta ce to in zai fita gobe ya jira ruwa ya lafa kafin ya shigo, kada ya yi gaggawa, ko da kifin zai lalace. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji kunyar shinkafar da na ci ranar naɗi.

Alhaji na zaune ana layin yi masa barka. Ya sanar, ta bakin Moro, cewa bai taɓa ganin majalisar da ta nutsu irin wannan ba, don tun da ya shiga tarihinsa ba wanda ya ƙara katse shi. Ya ce a gaya wa baiwar Allahn nan mai ƙauye ta zo ta yi godiya, kada kunya ta hana ta.

Ta zo. Ba ta durƙusa ba. Ba ta kuma karya al'ada ba, ko kallon Alhaji ba ta yi ba, Moro ta fuskanta, muryarta a kwance.

“Moro, ka gaida Sarki da aiki. Ka ce masa tambaya ɗaya gare ni. Ƙauyen da ya je majalisa dominsa, yaya sunansa?”

Har masu zuba jalof suka dakata. Moro ya rusuna ya isar da saƙo. Alhaji ya gyara rawani. Ya dubi filafilinsa, ya dubi silin, sannan ya jawo Moro kusa ya yi masa raɗa. Moro ya miƙe, ya gyara murya kamar kullum, ya buɗe baki zai ɗora kirari, sai ya rasa inda zai rataya shi.

“Maame,” in ji shi a hankali, “Sarki ya ce a tuna masa.”